Gidajen ɗaga ƙarfe na da: wa ya faro su, me kuma ya ɓace mana?

Sabo Makaniki:
Assalamu alaikum. Jiya jikana ya ja ni zuwa jim ɗin da yake zuwa, wai in ga wuri. Na gani. Madubi bango guda, sanyin esi, injuna a jere kamar ɗakin asibiti, kowa da abin sauraro a kunne. Na zauna kusan awa guda ban ga babba ya gyara wa yaro tsayuwa ba, alhali a gabana yara biyu suna ɗaukar ƙarfe daga ƙasa da baya a tanƙware, irin ɗaukar da ke sa mutum sallah a zaune tun bai kai hamsin ba.

Mu a wajajen 1983 bayan gareji muke ɗagawa. Kayanmu dram ɗin birkin babbar mota ne, da gwangwanayen fenti da aka cika da siminti aka soka musu faif. Amma wurin yana da mai shi. Marigayi maigidanmu, Allah ya jiƙansa, sai da ya sa na yi wata uku da sanda zalla kafin ya bar ni na taɓa babban ƙarfen da muke kira Ɗari, wai kilo ɗari ne. Tambayata biyu ce. Wa ya fara kafa gidan ƙarfe a duniya? Kuma mutanen da, da gaske sun fi na yanzu ƙarfi, ko mu tsofaffi ne ke ganin haka?

Abba Ƙwanji:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ta biyun dai ba ta buƙatar dogon zance. Abin da ake ɗagawa yau a gasa, mutanen da ko a mafarki. Ta farkon kuwa ai Turawa ne, Amurka ce ta kawo jim.

Malam Haruna:
Abba, yi a hankali. Amurka ta zo ta tarar ne. Tun wajajen 1840 wani Bafaranshe, Hippolyte Triat, ya buɗe gidan motsa jiki a Brussels, kafin 1850 kuma ya buɗe wani makeke a Paris, da igiyoyi suna reto daga rufi, da bene na ƴan kallo, da sandunan ƙarfe masu ƙwallo a kowane gefe. Mutum ya biya kuɗi, ya zo a kan lokaci, malami ya tsaya a gaba yana ba da umarni. Wannan tsari na biya-ka-shiga daga irin su Triat ya taso.

Wanda ya mayar da abin kasuwa sosai shi ne Eugen Sandow. Sunansa na yanka Friedrich Müller, an haife shi 1867 a Königsberg. A 1889 ya hau dandamali a Landan ya amsa ƙalubalen wasu ƙarfafa biyu, Cyclops da Sampson, ya kunyata su, daga nan sunansa ya fita. Ya buɗe cibiyarsa a Landan 1897, ya kafa mujalla 1898, a 1901 kuma ya shirya babbar gasar kyan jiki a Royal Albert Hall. Mutum-mutumin da ake ba zakaran gasar gina jiki ta Mr. Olympia har gobe, siffar Sandow ce.

Nura Alƙahira:
Malam Haruna, ban musa ko ɗaya ba, amma ka fara labarin daga tsakiya. Kafin Triat ya ɗora bulo, Iraniyawa suna da zurkhane, ma'anarta gidan ƙarfi. Ƙofarta gajera ce da gangan, komai girmanka sai ka sunkuya za ka shiga. A tsakiya akwai rami mai faɗi inda ake atisaye, a sama kuma murshid, wato jagoran wurin, yana zaune da ganga da ƙararrawa, yana rera baitoci, masu atisaye suna bin kiɗan. Suna juya manyan kulake na katako da ake kira mil, suna kwanciya su ɗaga allunan katako biyu masu nauyi da ake kira sang, akwai kuma bakan ƙarfe mai sarƙa. Sabon shiga yana da wurin tsayawarsa, tsohon hannu yana da nasa. UNESCO ta saka wannan al'ada cikin jerin gadon duniya a 2010.

Abin da Baba Sabo ya ce bai gani ba jiya, wato mai gida da tarbiyya, shi ne ginshiƙin zurkhane.

Kabiru Ɗan Indiya:
A ƙara da Indiya. Da nake karatu a can na shiga akhara da ƙafata, filin kokawa ne na jar ƙasa da ake turɓuɗa kullum da safe. Suna da gada, wato gora mai dunƙulen dutse a kai, da zoben dutse da ake ratayawa a wuya a yi ta tsuguno da shi. Daga wurinsu sojojin Ingila suka kwashi wasan juya kulake suka kai gida, har ya shiga Olamfik a 1904 da 1932.

Kuma ku nemi labarin Gama, Ghulam Muhammad, Musulmi ne haifaffen 1878. A Landan 1910 ya kara da Stanislaus Zbyszko, mutumin ya manne da tabarma sama da awa biyu don kada a kayar da shi, aka sa ranar sake karawa bai zo ba. Da suka haɗu a Patiala 1928, ko minti guda ba a cika ba Gama ya gama da shi. Babu inji ko ɗaya a horonsa, tsuguno ne da firesof dubbai, da madara da almond da man shanu.

Abba Ƙwanji:
Yaya Kabiru, “dubbai” ɗin nan wa ya ƙirga? Nan fa matsalata take. Duk labarin mutanen da, babu sikeli babu alƙali.

Malam Haruna:
A nan ina bayan Abba, rabi. Yawancin ƙarfafan wancan zamani ƴan wasan dandamali ne, da kuɗin ƙofa suke ci. Ƙwallayen ƙarfensu da rami a ciki, ana ɗura musu yashi ko ƙwayoyin dalma, ɗan kallo ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki, lambar da aka rubuta a jiki kawai yake gani. An yi algus, ba a ɓoye yake ba, su kansu suna tona wa juna asiri.

Amma akwai waɗanda ba a iya kore su. Arthur Saxon, Bajamushe, ya tura kimanin kilo 168 sama da hannu ɗaya, ta hanyar karkata jiki yana shiga ƙarƙashin nauyin a hankali. Yau da wuya ka sami mai ko gwadawa. Sannan ga wanda zai yi wa Baba Sabo daɗi: Louis Uni, Bafaranshen da ake kira Apollon, ƙarfensa ƙafafun taragon jirgin ƙasa ne guda biyu a jikin gatarinsu, kilo 166, kaurin sandar kusan santimita 5, kuma ba ta juyawa. Wannan ƙarfe yana nan, an auna shi. Bayan Apollon, Charles Rigoulot ya kai shi sama a 1930, John Davis a 1949, Norbert Schemansky a 1954. Dukkansu zakarun Olamfik ne, kuma babu wanda ya same shi a ɓagas.

Sabo Makaniki:
Allahu Akbar. Ashe har Faransa da kayan bola aka fara. Malam Haruna ka faɗi abin da duk wanda ya ɗaga dram ɗin birki ya sani: sanda mai kauri wadda ba ta juyawa, kilo saba'in ɗinta ya fi casa'in na sandar zamani cin hannu. Idan ka fizgo ta zuwa ƙirji, wuyan hannunka ne zai juya tunda ita ta ƙi. Shi ya sa riƙon mutanen da ya fita daban. Ka gaisa da tsohon ɗan ƙarfe, tun daga musabaha za ka gane.

Sani Jamus:
Kawu Sabo, wannan juyawar da ka ambata ita ce ta canja wasan gaba ɗaya. Kamfanin Kaspar Berg na Nuremberg ya shahara da sanda mai juyawa wadda ake jera wa faya-fayai, da ita aka yi gasar Olamfik ta Amsterdam a 1928. A nan Jamus kuma ƙungiyoyin ɗaga nauyi na farko da yawa a ɗakunan bayan mashaya suke haɗuwa, leburori da mahauta da maƙera bayan an tashi aiki. Ba wasan masu kuɗi ba ne tun asali.

Malam Haruna:
Haka ne Sani. Ni a ganina babu abin da ya kai faifan da ake cirewa a ƙara muhimmanci a duk tarihin nan. Da ƙwallo ɗaya mai nauyi ɗaya, ko ka iya ko ba ka iya ba, shi ke nan, wanda Allah ya halitta ƙato shi ke shiga. Da faifai kuwa, siririn yaro zai fara da kilo 20, mako mai zuwa ya ƙara biyu da rabi. Alan Calvert ya kafa kamfanin Milo a Philadelphia 1902 yana sayar wa mutane irin wannan ƙarfe har gida. Sunan ma daga Milo na Croton ya ɗauko, ɗan kokawar Girka da ake cewa kullum yana saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa har ya zama bijimi.

Bob Hoffman ya saye Milo a 1935 ya haɗe da kamfaninsa na York a Pennsylvania. Shi mai masana'anta ne, sai ya riƙa ɗaukar ƴan ƙarfe aiki, su yi aiki da rana su yi atisaye da yamma. Tsohon jim ɗin York ɗaki ne mai ƙura da dandamalin katako, amma daga inuwarsa zakarun Amurka na shekarun 1940 da 1950 suka fito. John Davis da na ambata baƙar fata ne ɗan Brooklyn, ya ci gasar duniya yana da shekara 17 a 1938, ya ɗauki zinare a 1948 da 1952.

Nura Alƙahira:
Tunda an zo Olamfik, kada a tsallake Afirka. El Sayed Nosseir na Masar ya ci zinare a 1928. A Berlin 1936 Khadr El Touni ya haɗa kilo 387.5 a ajin matsakaita. Wanda ya zo na biyu Bajamushe ne a gidansu, El Touni ya bar shi a baya da kilo 35. Abin mamakin, wanda ya ci ajin da ke sama da nasa kilo 372.5 ya haɗa, wato El Touni ya fi wanda ya fi shi jiki da kilo 15. Wannan da sikeli da alƙalai aka yi, Abba. A 1948 kuma Masar ta sake ɗaukar zinare biyu ta hannun Ibrahim Shams da Mahmoud Fayad.

Abba Ƙwanji:
Ustaz na sallama a kan El Touni, wallahi ban taɓa jin sunansa ba. Amma fa har yanzu lambobin yau sun fi.

Dokta Bilkisu:
Sun fi, Abba, sai dai ka tambayi da me. Wani ɓangare ilimi ne da abinci da kayan aiki, wannan gaskiya ne. Wani ɓangaren kuma kwalba ce. A gasar duniya ta Vienna 1954 likitan tawagar Amurka, John Ziegler, ya gano cewa ƴan Tarayyar Sobiyet suna amfani da sinadarin testosterone. Ya koma gida, a 1958 kamfanin Ciba ya fitar da Dianabol, aka fara gwada shi a kan wasu ƴan ƙarfen York ɗin nan da Malam Haruna ya yaba. Olamfik ba ta fara gwajin irin waɗannan ƙwayoyi ba sai 1976. Saboda haka duk wanda ya yi abinsa kafin shekarun 1950, komai za a ce game da sikelinsa, jikinsa nasa ne.

Ina faɗin haka ne don abin da nake gani a asibiti. Samari ƴan ashirin da wani abu da hawan jini, hanta ta taɓu, nono ya fito, an yi aure haihuwa ta gagara. Wasu ma ba su san me suke sha ba. Sha-ka-fashe da ake saya a kemis, yawanci dexamethasone ne, ba ya gina tsoka, cinye ta yake yi, ya kumbura fuska da ciki, ya jawo ciwon suga da raunin ƙashi.

Sabo Makaniki:
Likita, Allah ya saka miki. Mu ƙwayarmu ita ce ƙosai da kunun gyaɗa da fura, ranar da aka samu kuɗi a ƙara da tsire. Maigidanmu ko sigari ya gani a hannunka, ka bar masa wuri.

Lawali Maraɗi:
Ina ta saurare, an zagaya Faransa da Iran da Indiya, ba wanda ya leƙo gida. Mu ƙarfi ba baƙonmu ba ne. Bayan kaka, an cika rumbu, samari su fito dandali a yi kokawa, gari ya je ya tarar da gari. Nan Nijar tun 1975 aka fara gasar kokawar neman takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, kuma har yau in ana kokawar ƙarshe kasuwa kan yi shiru. Waɗannan mutane gona ce ta gina su, da jan guga, da ɗaukar dami. Ku je Dawanau ku ga ɗan dako ya saɓa buhun hatsi ya hau katako da shi zuwa bayan tirela, ya sauko ya sake, tun safe har azahar. Wane ɗan jim ne zai yi wuni guda a nan?

Abba Ƙwanji:
Malam Lawali, shi ma ɗan dakon a kwantar da shi a benci a ba shi kilo 120 mu gani. Kowa da abin da ya saba.

Lawali Maraɗi:
To wanne ne ƙarfi a ciki? Wanda ke ciyar da gida, ko wanda ake tuɓe riga a nuna?

Malam Haruna:
Wannan gardamar taku ta girme ku duka. Ita ce ta raba Hoffman da Joe Weider shekara da shekaru: Hoffman yana cewa ƙwanjin da ba ya ɗaga komai ado ne, Weider yana cewa gina jiki wasa ne mai zaman kansa. Weider ya fara Mr. Olympia a 1965, kuma kasuwa ta bi shi. Amma ku lura, na farkon ba su san wannan rabuwa ba. John Grimek da ya ci Mr. America a 1940 da 1941, shi ne dai ya wakilci Amurka a ɗaga nauyi a Berlin 1936. A lokacin abin kunya ne a gan ka da jiki a ba ka ƙarfe ka kasa.

Lawali, gaskiyarka ce muna da al'adar ƙarfi, sai dai ba mu gina mata ɗaki ba, dandali ne gidanta. Ɗaga ƙarfe da sanda kuwa shigowa ya yi, ta bariki da makarantu da mujallun waje da sinima. Waɗanda suka yi firamare a shekarun 1970 za su tuna sunayen ƙarfafan Najeriya Killi-We Nwachukwu da Power Mike, yadda yara ke ba da labarinsu.

Dokta Bilkisu:
Abu biyu kafin in koma aiki. Na ɗaya, likitoci da masu horar da ƴan wasa sun daɗe suna tsoratar da mutane cewa ƙarfe yana ɗaure jiki yana lalata zuciya. Likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, wanda shi kansa ɗan ƙarfe ne, ya nuna a 1945 cewa sojojin da suka ji rauni sun fi saurin miƙewa idan ana ƙara musu nauyi sannu a hankali. Zagaye uku na goma-goma da kowane jim ke yi yau daga aikinsa ya fito. Ni yanzu har tsofaffi mata nake sa wa ɗaga ɗan nauyi saboda ƙashi da gwiwa.

Na biyu, tun ɗazu maza kawai ake lissafawa. Katie Sandwina, haifaffiyar 1884, mijinta take ɗagawa sama da kanta a gaban jama'a. Kuma shekarar farko da aka bar mata suka ɗaga nauyi a Olamfik, Sydney 2000, Ruth Ogbeifo ta Najeriya ta ci azurfa a ajin kilo 75. Su uku ne suka haɗa kilo 245 daidai, nauyin jiki ne ya raba su.

Abba Ƙwanji:
Anti Likita na gode. Baba Sabo, in faɗi gaskiya, abin da ka gani jiya haka yake. Shekarata biyu a jim ɗinmu, daga waya na koyi komai. Mai wurin kuɗin wata kawai ya sani. Bayana yana min ciwo tun azumi ban gaya wa kowa ba. Amma kuma inji ba laifi ba ne, mahaifiyata da shi ta fara bayan an yi mata aikin gwiwa, ba za ta taɓa zuwa bayan gareji ba.

Sani Jamus:
Wannan gaskiya ne. Tun da Arthur Jones ya fito da injunan Nautilus a 1970, mutum zai iya shiga ya zagaya cikin rabin awa ba tare da kowa ya koya masa komai ba. Ƙofa ta buɗe wa mata da tsofaffi da ma'aikatan ofis, mai jim kuma ya daina buƙatar zama malami. Ko Gold's Gym da ake ta ambato, da Joe Gold ya buɗe shi a Venice ta Kalifoniya 1965, ɗakin bulo ne, kuma shi da kansa ya yi waldar yawancin kayan.

Sabo Makaniki:
Mai walda ne ashe. To shi ya sa.

Abba ɗana, ciwon bayan nan kada ka ƙara kwana da shi, ka je a duba ka, ka ajiye ɗauka daga ƙasa sai likita ya sallame ka. Maganar mahaifiyarka kuma na karɓa, ban yi tunanin wannan ba. Allah ya ƙara mata lafiya.

Maganar sikeli da ka yi ta tsaya min a rai. Gobe in sha Allahu zan je tsohon garejin. Ɗan marigayi ne ke riƙe da shi yanzu.

Sabo Makaniki:
Salam. Na je. Ɗari yana nan a bayan tsofaffin tayoyi, faif ɗin ya yi tsatsa, gefe guda na simintin ya ɓantare. Muka ɗora shi a Keke Napep zuwa wurin masu sayen ƙarfe, aka aza a sikeli: kilo 86. Ko da abin da ya ɓantare bai kai ɗari ba, Abba, ka ci wannan. Na gwada riƙon faif ɗin, yatsuna ba su haɗu ba, kamar dai yadda na sani.

Da muka wanke ƙurar sai ga rubutu a jikin simintin, wanda marigayi ya yi da ƙusa tun yana ɗanye: sunansa, da 1979, da sunayen yaransa huɗu na farko. Biyu sun rasu. Ɗaya yana Kamaru, na sami lambarsa a wurin ɗan marigayin, mun yi magana har kati ya ƙare.

Ɗan marigayin ya ce in ɗauka. Na kai shi gida, na sa a yanko min faif zalla mai tsawonsa. Abba, idan likita ya sallame ka, ka zo ranar Asabar bayan la'asar, kai da jikana. Da sandar za ku fara.

Abba Ƙwanji:
In sha Allahu Baba. Wata ukun ne ni ma?

Sabo Makaniki:
Sai na ga tsayuwarka tukuna.